Tsutsa Bakwai a Bakin Kulu

An sare marken nan na bayan gidanmu. Da na ji ƙarar injin da hantsi na ɗauka babur ne ya lalace a lungu, sai da na leƙa ta katanga na ga sarari a inda na saba ganin inuwa tun ina rarrafe. Autana Almu, da muke zaune tare a gidan nan na iyayena, ya ce shaguna za a gina a wurin, masu sauke kaya daga Ƙwanni suna neman wurin ajiya. Itace ne, kuma ya tsufa kamar yadda na tsufa. Amma a jikin marken nan duk yaran gidanmu suka karyi asuwakinsu na farko, kuma a gindinsa na ga wani abu ina yarinya, na haɗiye shi ban faɗa wa kowa ba har kaina ya yi fari. A makon da aka sare shi ne kuma kuncin jikata ya kumbura saboda ciwon haƙori, sai abin nan da na haɗiye ya taso ya tsaya mini a wuya.

Illelar da na buɗe ido a cikinta ba ta da wannan rugugin na manyan motoci. Abin da ke tashin mutum da safe luguden mata ne daga gida zuwa gida, kowace taɓarya da muryarta, har mukan gane dakan gidan wane ba tare da mun leƙa ba. Sai kukan jakuna, sai gurnanin raƙuman da suka sauka da kanwa da gishiri daga arewa. A cikin gidanmu kuwa abin da ke riga su duka shi ne gyaran muryar Kaka. Mahaifiyar Baba ce, doguwa, siririya, ga faɗa, kuma ita ke riƙe da gidan saboda Baba bafatake ne, rabin shekararsa a hanya take ƙarewa. Da gari ya waye sai ta zauna a bakin ɗakinta, ta aike ni in karyo reshen marke, ta yayyanka shi daidai tsawon yatsa, ta jera mu a gabanta. Sai ka tauna bakinsa ya yi laushi, da ɗacinsa da baurinsa, ka goge sama ka goge ƙasa, sannan ka matso ka wage baki. Yadda mai sayen rago ke ɗaga leɓen rago a kasuwar dabbobi, haka take ɗaga namu. In ta ga saura sai ta ce, "Koma. Wanga baki ko akuya ba ta yarda da shi." Ranar Juma'a kuma gawayi ake dakawa da ɗan gishiri, mu dangwala da yatsa mu dirje, mu fito baki baƙi ƙirin muna yi wa juna dariya. Ita kanta haƙoranta jajaye ne wur saboda furen taba da goro, irin adon matan da, kuma har ta koma ga Allah ba ta rasa ko ɗaya ba.

In haƙorin yaro ya fara girgiɗa ba a kai shi ko'ina. Kaka za ta ce ya matso ta duba kawai, kafin ya ankara haƙorin yana tafin hannunta. Sai a ba shi ruwan ɗumi da gishiri ya kuskure, a ce ya jefa haƙorin bisa rufin ɗaki, ya kuma riƙa rufe bakinsa kada ƙadangare ya ga giɓin, don in ya gani wani ba zai fito ba. Ni da na yi giɓi sai da na yi wata guda ina wuce ƙadangarun gidanmu da hannu a baki.

Abincinmu ma mai sa haƙori aiki ne. Da safe ɗumamen tuwon gero da miyar kuka, da rana fura, wadda ake damawa da nonon da wata Bafillata ke kawowa daga wajen Tozai, kullum da ɗan curin man shanu a gefen ƙwaryarta. Da damina ga kwaɗon zogale da na tafasa, ana barbaɗa ƙuli. Abin da muke kira kayan daɗi kuwa sai an sha wuya ake cinsa. Goriba sai ka gwagwiye ta har muƙamuƙinka ya gaji, aduwa ka tsotsa tana ɗaci tana zaƙi, magarya da kanya sai ka bi daji ƙaya ta soke ka. Yau in na zauna a ƙofar gida ina kallon 'yan makaranta suna wucewa, kowane da leda a hannu, daga biskit sai cingam sai wani ruwa mai launi da ake tsotsa ta tsinke, duk abin da ke narkewa tun bai kai ga turamen baki ba. Ba na cewa zamaninmu ya fi. Mun ga yunwa, mun ga ƙyanda tana shiga gida ta fita da yara biyu. Kowane lokaci da abin da ya sani da abin da ya jahilta, kuma namu jahilcin ni na gan shi da idona.

Sukari baƙo ne a lokacin. Baba ke zuwa da shi daga Ƙwanni, irin mai ƙwara-ƙwara a cikin kwali, Kaka ta kulle shi a adakarta. Ba mai ganinsa sai an yi baƙo, in ban da Kulu. Kulu ƙanwata ce, shekara uku na ba ta, kuma an haife ta ne bayan an binne yara biyu a jere, saboda haka Kaka ta ɗauke ta ta sa a ƙirji. Matar da ke yi mana tsawa mu watse, in Kulu ta ɓata fuska sai ka ji ƙarar mabuɗin adaka. Ta saka mata ƙwara ɗaya a kunci, ta ce ta bar shi ya narke da kansa, wani lokaci da shi take barci. Ba zan ɓoye ba, na ji haushi ƙwarai, har nakan laɓe in lashi kwalin in an yar. Amma ba wanda ya taɓa gaya mana cewa sukari yana cin haƙori. Abin da kowa ya sani, tsutsa ce ke shiga haƙori ta huda shi kamar yadda take huda wake.

Kulu tana da kamar shekara bakwai ciwon ya kama ta, a turmin haƙorinta na ƙasa, gefen hagu. Aka yi abin da aka saba. Aka tauna kanumfari aka cusa a ramin, aka ba ta ruwan gishiri, aka jiƙa jar kanwa, aka ɗaura tsumma mai ɗumi. Sai ya lafa da safe ya dawo da yamma, yarinya ta daina cin tuwo sai kunu. Ranar Lahadi, ranar kasuwa, Kaka ta kama kaza guda ta ba ni in riƙe, ta ja hannun Kulu muka tafi wurin mai tsutsa.

Yana zaune ne a bayan rumfar masu kanwa, dattijo mai sanyin murya, da tsabta, ba ka ce zai cuci ƙuda ba. Gabansa akwai kaskon garwashi, da tasa cike da ruwa da dutse a tsakiyarta, da wani ƙoƙo da aka huda aka soka masa kara mai rami. Ya sa tsingaro a wuta har ya yi ja, ya ɗora shi bisa dutsen, ya ɗiga man shanu, ya buɗe wata 'yar jakar fata ya barbaɗa wasu ƙananan 'ya'yan itace, ya kife ƙoƙon a kai. Sai ya sa bakin karan daidai haƙorin Kulu.

"Kak ki haɗiye hayaƙin, ɗiyata," in ji shi. "Ki bar shi shi shiga shi ishe su."

Kulu tana tari, hawaye na zuba, Kaka ta riƙe mata kai. Da ya ɗaga ƙoƙon sai ga wasu abubuwa farare, sirara, lanƙwasassu, suna yawo a bisa ruwan. Mutane suka matso suna salati. Ya ɗauki tsinke yana ƙirga su a bayyane har bakwai.

"Bakwai!" Kaka ta ce, tana tafa hannu. "Waɗanga duka a bakin ɗiya guda? Allah shi saka maka, malam."

Kuma gaskiya ciwon ya tafi. Kulu ta ci tuwo ranar, ta yi wasa. Daga baya na fahimci hayaƙin yana kashe zafi na kwana ɗaya ko biyu, amma a lokacin wa zai yi musu da abin da ya gani a cikin tasa?

Ni dai idona ba ya zama wuri ɗaya. Sa'ad da yake barbaɗawa, 'ya'yan nan kaɗan sun zube kusa da ƙafata, na kuwa gane su. 'Ya'yan gautan kura ne, wannan mai ƙaya da ke fitowa a bakin gonaki, mai ƙwallo rawaya, wanda ake hana mu taɓawa saboda guba. Sau nawa na fasa shi da dutse in mun je itace. Bayan kwana biyu, da rana tsaka manya suna hutawa, sai na ce bari in yi wasan mai tsutsa. Na tsinko gautan kura busasshe, na lakato man shanun Kaka da yatsa, na saci garwashi a murhu, na tafi gindin marke, kusa da rumbun gero. Marar lafiyata kuwa 'yar tsanata ce ta kara, wadda na ɗaura wa tsumma. Ba ta da baki, balle haƙori. Na yi duk abin da na ga ya yi, har da cewa kada ta haɗiye hayaƙin. Na ji 'ya'yan suna fashewa a ƙarƙashin ƙoƙo, tas, tas. Da na ɗaga sai ga su a bisa ruwa, farare, lanƙwasassu, irin na Kulu sak. Na ɗauki ɗaya na murje a yatsa. Cikin ƙwayar ne ke tsalle ya fito in ta ji wuta.

Na zubar da ruwan, na binne tsingaron, na wanke hannuna da ƙasa. Laifi uku na yi a zama ɗaya: na taɓa gautan kura, na saci mai, na kai wuta gindin rumbu. Ko ɗaya daga ciki ya isa a yi mini dukan da zan kwana biyu ban zauna ba. Ga kuma Kaka tana ta ba maƙwabta labarin tsutsa bakwai. Yarinya 'yar shekara goma ta tashi ta ce mata ƙwayar gauta ce? Na ja bakina na yi shiru.

Ciwon ya dawo, wannan karon da kumburi da zazzaɓi. Wani malamin asibiti da ke wucewa ta ƙofar gidanmu ya ga Kulu a zaure, ya aika a gaya wa Inna, mahaifiyarmu, a kai ta a duba tun da wuri. Inna ta so kaiwa. Amma Inna suruka ce a gidan, ko sunan Kaka ba ta iya faɗa, balle ta ja da ita. Kaka ta ce an fitar da tsutsa a gaban idonta, saura ne suka rage, Lahadi za a koma. Da yamma ina tankaɗe Inna ta zo ta tsuguna kusa da ni, ta yi ƙasa da murya.

"Ke kin tahi da su. Hwaɗa mini gaskiya, kin ga tsutsag ga da idonki?"

Na dubi rariya na ce, "Na gani, Inna."

Ban yi ƙarya ba, amma ban faɗi gaskiya ba, kuma na san bambancin tun a lokacin. Inna ta yi ajiyar zuciya ta tashi. Da na faɗa mata abin da na gani a gindin marke, da ta sami abin riƙewa, ko da a ɓoye ne ta goya yarinyar ta fita. Lahadi na sake ɗaukar kaza, muka koma, aka fitar da huɗu.

Sauran ba na son tsawaita shi. Fuskar Kulu ta kumbura har idon hagu ya rufe, bakinta ya ƙi buɗuwa sai da ludayi ake ɗura mata kunu. Daga baya abin ya fashe ta waje, ta ƙasan kunci. Allah ya kawo Baba daga tafiya a makon, ko kayansa bai kwance ba ya sa ta a motar ɗaukar kaya zuwa Sakkwato. Sun yi fiye da wata. Ta dawo da rai, amma an cire haƙora uku da ɗan guntun ƙashi, kuma kuncinta ya lotsa, da tabo kamar an danna babban yatsa a cikin tuwo. Kaka ba ta sake buɗe adaka don sukari ba, ko da yake ba ta taɓa cewa ga dalili ba.

Kulu ta girma, ta yi aure a Ƙwanni, ta haifi 'ya'ya, tana sana'ar turare da atamfa tsakanin can da nan. Mace ce mai ban dariya, amma ba wanda ya taɓa ganin dariyarta, domin kullum gefen mayafinta yana kan kuncin hagu, in abin dariya ya zo sai ta ƙara da tafin hannu. Da gefe ɗaya take tauna har yau. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda take ba da labarin. A wurinta mai tsutsa ne ya cece ta. Takan ce da bai fitar da goma sha ɗayan nan ba da sun haura sun shiga ƙwaƙwalwa, likitocin Sakkwato ragowar aiki kawai suka tarar. Duk sallar da ta yi sai ta sa shi a addu'a tare da iyayenmu. Sau da yawa ina zaune take faɗa, ni kuwa in ce, "Allah sarki," in kawar da kai.

To, ga ni yau na zama Kaka, kuma ban fi Kakarmu ba. Almu ya sa wa 'yarsa sunan gwaggonsa, muna kiranta Kulu Ƙarama, shekararta shida. Yarinya ce mai shiga rai, da ta dawo daga makaranta ɗakina take faɗowa ta ce, "Tsohuwa, mi kika aje mini?" Ni kuma ina da wani gwangwani a ƙarƙashin gado cike da alawa mai tsinke da minti. Uwarta Safiya ta yi karatu, ta saya mata buroshi da man goge baki, kuma ta sha gaya mini cikin ladabi, "Inna, da an rage mata zaƙin nan." Sai in ce, "Guda ɗaya ce." Guda ɗaya da safe, guda ɗaya da rana, guda ɗaya in ta yi kuka. Ni da na san abin da ƙwarar sukari ta yi a gidan nan, ni ce na riƙa jin daɗin ƙarar murfin gwangwani, saboda shi ke kawo ta ɗakina da gudu.

Ranar Lahadin da ta wuce aka wayi gari kuncinta ya tashi, jikinta da zafi. Kulu babba ta iso da hantsi daga Ƙwanni don cin kasuwa, ta ga takwararta kwance a cinyar uwarta. Ta taɓa kuncin, ta gyara mayafi.

"Tsutsa ta," in ji ta. "Irin tawa ta sak. Akwai wani bayan 'yan kanwa, yanzu har lasifika gare shi, aikinai na da kyau. Almu, tashi mu kai ta tun ba su yi yawa ba."

Almu yana ganin girman gwaggonsa, ita ta yi masa goyo. Ya ce, "To, Gwaggo, a gwada. In ba a dace ba gobe sai a tahi asibiti."

Safiya ta ɗago kai ta dube ni kawai. Wallahi idon Inna na gani, ranar da ta tsuguna kusa da rariyata.

Na ce, "Kowa shi zauna. Ba inda za a kai ta sai na dawo."

Na san in da baki na faɗa Kulu ba za ta yarda ba, abin da ta riƙe shekara sittin ba zai faɗi da magana ba. Na yafa mayafi na tari kabu-kabu. Inda muke tsinkar gautan kura da duk ya zama gidaje, sai da muka kama hanyar Amarawa na hango shi a bakin wata gona. Mai babur yana ta kallona, tsohuwa tana fama da ƙaya. Na dawo na sa Safiya ta kawo garwashi da roba da ruwa, na fasa wani tsohon kasko, na huda ƙoƙo. Ba man shanu a gidan, na sa man gyaɗa. Hannuna bai manta ba.

"Yaya, ke ma kin iya?" Kulu ta ce da mamaki. "To, a matso da ita."

"Ba a matso da kowa. Ki duba dai."

Na kife ƙoƙon, bakin karan yana kallon sama, hayaƙi yana fita a banza ba bakin kowa a kai. Muka ji tas, tas. Na ɗaga. Ga su nan a bisa ruwa.

Kulu ta sauko daga kujera ta durƙusa a gaban robar. Ta ɗauki tsinken tsintsiya tana taɓa su ɗaya bayan ɗaya, leɓenta yana motsi.

"Tara," ta ce. "Sun hi nawa na hwarko."

"'Ya'yan gautan kura na, Kulu. Cikinsu ka hitowa in sun ji wuta."

"Yaushe kis sani?"

Nan ne wurin da na yi shekara sittin ina kewayewa. Na ce, "Kwana biyu bayan an kai ki na hwarko. A gindin marke, da 'yat tsanata. Inna ta tambaye ni, nic ce na ga tsutsa. Tsoron duka nij ji. Kuma ni na ɗauki kazar da anka koma da ita."

Ba ta dube ni ba. Ta daɗe tana kallon ruwan. Sai na ga hannunta ya saki gefen mayafin, ya zame ya sauka a kafaɗa, kuncin ya fito fili a gaban Almu da matarsa, waɗanda ba su taɓa ganinsa sosai ba. Ta sa yatsa a cikin tabon ta bar shi a wurin. Kulu Ƙarama ta ɗago daga cinyar uwarta tana kallo.

"Gwaggo, mi yas same ki nan?"

"Haƙori na, takwara," in ji ta. "An bar shi ya daɗe." Ta miƙe tana dafa gwiwa. "Almu, hiddo mota. Safiya, ba ni ita, ni ka riƙon ta."

A asibiti aka ba ta maganin kumburi da na zazzaɓi, aka ce in ya sauka a kai ta Sakkwato wurin likitan haƙori, kuma an ce mun zo da wuri. Ma'aikaciyar ta tambayi wa ke ba ta alawa, na ce ni ce. Ta yi mini faɗa kamar 'yar cikinta, na kuwa saurara. Duk tsawon zaman Kulu tana rungume da yarinyar, ba ta ce mini uffan ba, ba ta kuma mayar da mayafin ba. Ban ga laifinta ba. Na riga na sa a raina cewa in ta koma Ƙwanni ba ta sake taka gidan nan ba, ni na saya.

Da muka dawo na juye gwangwanin nan a cikin shara. Na fita bayan gida inda gungumen marke yake kwance ba a kwashe ba tukuna, na sami rassan da ba su gama bushewa ba, na yayyanka daidai tsawon yatsa na cika gwangwanin da su. Ina zaune a kan gungumen bayan la'asar sai ga Kulu ta fito da carbi a hannu. Ta zauna a ɗaya gefen, ta miƙo hannu, na ba ta asuwaki ɗaya. Ta sa a gefen dama tana taunawa a hankali.

"Ɗacinai na nan," ta ce.

"Yana nan."

Can ta ce, "Yaya, yanzu da nig gama salla na zo wurin addu'a, na yi wa Inna, na yi wa Baba, na yi wa Kaka. Sai bakina yat tahi wurin mutumin ga da kansa, don ya saba. Na rasa yadda zan yi da shi. In hidda shi?"

Na ce, "Ki bar shi, Kulu. Shi ma yana bukata." Sannan na ce, "In da sauran wuri, ki ƙara da ni."

Ta tofar da ɗacin asuwakin a ƙasa, ta juyo ta dube ni da fuskarta duka, ba mayafi, ba tafin hannu.

"Ke kina ciki tun da daɗewa," in ji ta. "Yau dai nis san dalili."